Ranar da Luna Ta Ja Ni a Titin Ma'adi

Ko na tsufa ba zan taɓa mantawa da wata karya mai suna Luna ba, kuma har yau in na tuna abin da ta yi mini raina ɓaci yake yi.

Ina karatu a Alƙahira, ina zaune a Hayyin Ashir, sai na samu aikin fita da karnuka biyu na wata Baturiya a unguwar Ma'adi. Abokan zamana kuwa na ce musu Larabci nake koya wa yara, haka kowa ya ɗauka. Dole in ɓoye, don shugabanmu na ɗalibai, Alaramma Bashir, ya kusa ba ni limancin tarawihi, abin da na daɗe ina hari.

Matar nan a ƙasarsu tseren karnuka take yi, irin wanda suke jan keke marar taya a kan ƙanƙara kwana da kwanaki. Babu linzami, babu bulala, da baki ake tuƙi. Ta koya mini kalmomin: "haik" a tafi, "ji" dama, "ho" hagu, "wo" a tsaya. Luna ce jagora, ɗayan karen bin ta kawai yake yi.

"Amma sai ta san hannunka za ta ji maganarka," in ji ta. "Ka riƙa shafa ta, kana ba ta abinci."

Ni? In shafa kare? A raina na ce wanda ya haddace littattafai ba kalma huɗu ce za ta gagare shi ba. Na haddace su tsaf a cikin jirgin ƙasa na metro. Igiyar ma ƙin riƙe ta na yi saboda yawu, na ɗaure ta a ƙuguna kan jallabiya (wai ni mai dabara).

Rannan da la'asar muka ɓullo kusa da tashar metro, sai ga Alaramma, ya zo dubiya. Akwai lungu a hagu, na ce "ho" a hankali don mu ɓuya. Luna ko kunne ba ta kaɗa ba. Sai wata mage ta gilma ta gaban Alaramma.

Jama'a, ban san ina da gudu haka ba. Takalmi ya fita, hula ta tashi, ina ta kwarara "Wo! Wo!" kamar mai kiran gobara. Wani mai shayi ya tafa yana ihu: "Yalla ya Shaikh!" Na faɗi, suka ci gaba da jana a ƙasa, shegun.

Alaramma ne ya tsugunna ya rungumo wuyan Luna yana shafa ta, ta tsaya cak har da kaɗa wutsiya. Ashe da karnukan farauta ya tashi a ƙauyensu.

"Ustaz, waɗannan ne yaran?" ya tambaya. "Sun kai wane babi?"

Na fara kame-kame ina haɗiyar ƙura. Ya miƙo mini hulata.

"Ma'alish, ba komai, neman halal ba abin kunya ba ne. Da ka faɗa, da ni na koya maka riƙe su. Amma ba za mu bi mai yi mana ƙarya salla ba. Khalas, shi ke nan."

Azumin nan a sahun baya na yi shi, ina cika ina batsewa, yara na raɗa "Ustaz Wo". Na so in ɗora wa Luna laifin, amma ita tun farko ba ta ɓoye cewa ba ta san ni ba. Yanzu kullum sai na shafa ta, na wanke hannu. Tana bin umarnina sarai, kuma duk Alƙahira ita kaɗai ce ke bin bayana, shi ma in ta gaji.