Yadda Za Ka Tsira da Mutuncinka Idan Mota Ta Ƙi Tashi da Surukarka a Ciki

Ka murza makulli, mota ta yi kir-kir-kir, ta ƙi kamawa. Kwantar da hankalinka. Matakan nan an gwada su, kuma ina ba ka tabbacin cewa in ka bi su sau da ƙafa, babu mahalukin da zai ce ba ka san mota ba. Ban ce motar za ta tashi ba. Wannan wata magana ce daban.

Na koye su ne daga mijin ƙanwata, wanda 'yan layinsu ke kira Injiniya saboda ya taɓa gyara fanka. Ainihin aikinsa buga takardu a ofis. Ranar da ya nuna gwanintarsa, mahaifiyarmu ce zaune a kujerar baya, da katin asibiti a hannu. Wata uku tana jiran ranar da likita zai cire mata yanar ido, kuma an ja mata kunne cewa ƙarfe tara ake rufe rajista. Shi ya ce kowa ya huta, shi zai kai ta. Bakwai da rabi suka shiga mota.

Mataki na 1: Sake murzawa

Murza sau biyar, kana ƙara ɗaure fuska. Mota ba ta canza ra'ayi, amma na bayanka za su ga kana ƙoƙari. Injiniya ya haɗa da taka totur har ƙasa da ɗan buga sitiyari da tafin hannu. Daga nan ya waiwayo ya shaida wa Mama cewa sanyin safiya ne, yanzu za ta kama. Mama ta ce Allah ya sa.

Mataki na 2: Buɗe bonet

Wannan shi ne ginshiƙin sana'ar. Kafe bonet da sandarsa, riƙe ƙugu, ka zuba wa injin ido kamar ka kama shi yana ƙarya. Sai ka taɓa wani abu. Kan batir ya fi sauƙi, ko da yake motar da ke juya inji da ƙarfi haka batirinta lafiya lau yake. Girgiza wata waya, zaro sandar duba baƙin mai, goge ta, mayar. Lallai ka tabbata hannunka ya yi baƙi, domin mai tsabtataccen hannu ba a ɗaukar maganarsa a gaban inji.

Mataki na 3: Bari jama'a su taru

Ba sai ka kira kowa ba. Buɗaɗɗen bonet ya fi lasifika kiran mutane. Kafin ƙarfe takwas Injiniya ya samu tela, da mai wanki, da wasu mutum huɗu da ko sunansu bai sani ba. Mai wanki ya ce fulogi ne. Wani ya ce a tura. Aka tura har bakin kwalbati, aka turo ta baya, Mama na ciki tana riƙe da katinta.

Tela ne ya kawo matsala, don shi ya taɓa mallakar mota. Ya ce inji abu uku yake nema, mai da wuta da iska, kuma a yi shiru ya ji wani abu. Ya sa aka murza makulli rabi, ya kara kunne a jikin tanki. Ya ce famfon mai ya kamata ya yi ɗan kuka kamar sauro, amma wannan tsit yake.

Irin wannan mutum, gyaɗa masa kai ka ce dama abin da kake zargi ke nan.

Mataki na 4: In ka tuna, kada fuskarka ta nuna

A daidai nan ne Injiniya ya tuna. Watan da ya wuce, don tsoron ɓarayi, ya sa mai wayarin ya ɗaura masa wani ɗan makunni a ƙarƙashin kujerar direba. In an kashe shi, famfon mai ba ya samun wuta, ɓarawo ya yi ta murza makulli har ya gaji. Ko matarsa bai gaya wa ba. Kullum yakan sunkuya kamar mai gyara takalmi ya danna. Yau, garin rawar jikin buɗe wa suruka ƙofa, ya manta.

Yanzu lissafa da kyau. In ka sunkuya ka danna, mutum shida za su ga inda sirrin yake, kuma kafin azahar duk layin ya sani. Wannan ma da sauƙi. Abin da ba ya gyaruwa shi ne a ce Injiniya ya sa dattawa tura mota saboda ya manta ya kunna ta. Don haka tsaya inda kake, ka jira su kau da kai.

Ba za su kau da kai ba. Mai wanki ma shigewa ya yi ya zauna a kujerar direba, wai shi zai riƙa murzawa.

Mataki na 5: Toshe duk wata hanyar tsira

Matarka za ta fito ta duba agogo, ta ce a tare tasi. Nuna mata ranka ya ɓaci. Injiniya ya ce mata, a hankali yadda jama'a za su ji, "Mama ba za ta shiga motar haya ba ina raye. Minti biyar."

Minti biyar kalma ce mai albarka. Ana iya faɗin ta sau huɗu kafin a fara zarginka.

Mataki na 6: Miƙa wuya ga makanike

Wani zai kira shi ko ba ka so. Makanike ya iso takwas da kwata, ya saurari tela, ya yanke hukunci cewa famfo ya mutu. Famfon kuwa a ƙarƙashin kujerar baya yake. Aka roƙi Mama ta fito, aka zaunar da ita a bencin tela, aka ciro kujerar aka jingine ta da bango.

Ga damarka ta zo. Kowa ya koma baya yana leƙen ramin famfo, mai wanki ya sauka. Injiniya ya zame ya zauna, ya sunkuya, ya danna, ya murza da addu'a a bakinsa. Mota ta yi kir-kir-kir. Ya waiwaya, sai ga famfon a hannun makanike yana ɗigar da mai, ana zagayawa da shi kowa na gani.

Tara saura kwata ƙanwata ta tare tasi ba tare da ta kalle shi ba. Sun isa tara da minti ashirin. Aka ba Mama wata ranar, nan da wata huɗu.

Mataki na 7: Karɓi sakamakonka

Mutuncinsa bai taɓu ba. Duk layin sun yarda famfo ne, kuma sun yaba da yadda ya gano tun farko.

Da suka dawo ya je ya durƙusa gaban Mama a falo, ya fara bayanin yadda famfunan zamani ba su da ƙarko. Ta bar shi ya gama. Sannan ta juyo da fuskarta wajen da take jin muryarsa.

"Ɗana, ka riƙa tunawa da abin nan na ƙarƙashin kujera. Kullum nakan ji ƙas kafin mota ta tashi. Yau ban ji ba."

Ƙanwata ta tambaye ta tun yaushe ta lura, ta ce tun murzawar farko. To me ya hana ta magana?

"Mutane sun taru suna ce masa Injiniya. Ni ce zan kunyata shi a ƙofar gidansa?"

Na ji haushinsa ƙwarai, har yanzu ma ina ji. Amma an ce mini ya daɗe a durƙushe bai iya ɗaga kai ba.

Gargaɗi: marubucin wannan jagora ba makanike ba ne, kuma ba shi da hannu a duk abin da ya same ka, ko motarka, ko aurenka. Alkawarina ɗaya ne, cewa mutanen layi ba za su gane ba, kuma na cika shi. Wadda ke zaune a kujerar baya kuwa, wata huɗu za ka yi kana kallon ta tana laluben ƙofa, kuma wannan tsakaninka da ita ne.