Ranar Da Ƙwarin Surukaina Suka Yi Mini Rakiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai lefen ɗana Sani ba, ko da tsufa ya kwashe mini komai.

'Yata Hauwa'u tana karatun noma a jami'a. Ta zo hutu da wasu 'yan robobi a leda, ta ce na ƙwarin hatsi ne. Ni kuwa ban tsaya tambaya ba. A gidanmu abin ƙwari akwati ake jefa shi, kamar kafur. Na zari uku na cusa cikin leshin da na ɓoye don wannan rana (Turancin jikin ledar ya fi ƙarfin karatuna na yaƙi da jahilci). Sati biyu suna ciki.

Surukan nan 'yan hatsi ne a Kasuwar Shasha, zaurensu a nan unguwar Sabo cike da buhunan masara. Muka sauka daga keke mai ƙafa uku bayan la'asar, ina sanye da leshin nan, na zauna a tsakar gida ina ta kame-kamen mutunci. Sai ƙwaro ɗaya mai fukafuki ya sauka a kafaɗata. Na kaɗe. Biyar suka zo. Kafin a buɗe akwati na biyu, sun yi mini rawani.

Ni kaɗai. Mata sun fi ashirin a wurin.

Uwar amarya, Hajiya Rabi, ta hau yi mini fifita da faifai. Maƙwabciyarta Bayarabiya tana cewa, "Pele o, Alaja!" wato sannu, Hajiya. Ni dai ina murmushi, ina fatan ƙasa ta tsage.

Hauwa'u ta matso ta raɗa mini, "Mama, ke kika ɗebi robobina?" Na gyaɗa kai.

"Ai ba kora suke ba, kira suke! Ƙamshin macen ƙwaron ne, a tarko ake sawa. Gashin nan biyu na kan namijin, su ne hancinsa. Ɗigo kaɗan ya taɓa su, saƙo ya kai ƙwaƙwalwarsa, ba ya ganin komai sai ita."

"To waɗannan..."

"Duk maza ne, Mama."

Raɗar ba ta yi ƙasa yadda take zato ba. Ƙanwar Hajiya ta tafa hannu: "Ikon Allah! Uwar ango ta fi amarya kasuwa!" Gida ya ɗauki shewa. Hajiya Rabi kaɗai ba ta yi dariya ba, buhunanta take kallo. Na tona asirin kaina, na tona asirin ƙwarin da ke cikin masarar surukai.

An dai yi auren lafiya. Leshin yana ƙasan akwati har yau. Yanzu ko gishiri Hauwa'u ta ajiye, sai na tambaya: kora yake, ko kira?