Kwaltar Ɗakin Amarya

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da na tashi auren Hajara 'yar Bakori ba, zamanin da muke kai auduga Funtuwa a akori-kura. Komai ya kammala, sai abu ɗaya: kwanon ɗakin amarya tsoho ne, duk ramukan ƙusa. Gwaggonta, wadda ta riƙe ta tun tana goye, ta ce ba za ta kai 'yarta ɗakin da ke yoyo ba.

Maƙwabcinmu Baba Lamidi, Bayaraben da ke sayar da faranti, yana da wani buhun baƙin yashi mai danƙo da ya zo da shi daga garinsu. Ya ce a can sukan zuba shi a ruwan zafi su juya, yashi ya kwanta, kwalta ta taso. Ni kuwa (uban 'yan dabara) na roƙe shi buhun.

Na ɗora rabin duro a murhu, na juya da muciya har kafaɗa ta ƙage. Wallahi ta taso, baƙa wuluk! Na kwashe da ludayi, na hau rufi na lafta wa kowane rami. Ban tsaya tunanin cewa wannan ɗanya ce ba, ba irin ta titi mai daskarewa ba. Har na aika Bakori cewa ɗaki ya gyaru.

Ranar jere, mata suka shimfiɗa farin zanen gado, suka jera kwanuka. Rana ta take, kwanon rufi ya yi zafi. Ina zaure ina washe baki sai na ji salati.

Na leƙa. Kwalta na tsiyaya zare-zare, kan gado, kan kwanuka, kan sabon ɗankwalin Gwaggo. Ta kai hannu ta shafa, yatsunta suka manne.

Ta dube ni, ta ce, "Ɗan nan, ruwa muka ce muna gudu. Ruwa ai yana bushewa."

Na ce, "Gwaggo, a yi haƙuri, da kananzir zai fita." (Har yau ban san abin da ya sa na buɗe baki ba.)

Kafin la'asar an kwashe kaya. Aka ce an ɗaga biki, ɗagawar da ba a sauke ba ke nan. Na yi kuka, ba na ɓoyewa. Da kaka aka kai Hajara gidan wani mijin a Malumfashi, ɗakin soro.

Darasin da na koya: in rufinka na yoyo, tara kwano kawai. Abin da ya fi ci mini rai, da damina ta sauka, ko ɗigo ɗakin bai yi ba. Ni kaɗai na kwana a ciki.