Had Dis da Alkamar Baballe

Jama'a, ku taya ni murna, na yi ilimi. Ranar Litinin na bar gida jahili, na dawo da Turancin da ko ɗan jami'a ya ji sai ya gyara zama.

Maƙwabcina Baballe ne ya ja ni. Tun da aka ce kowa ya noma alkama, bawan Allahn nan ya tattara ƙarfinsa kaf ya zuba a gonarsa ta bakin kanal ɗin ban ruwa, a hanyar Bunkure. Iri yana ɗaka, taki ya samu da kyar, ruwa na gudu. Saura tarakta ta zo ta yi haro. Ita kuwa alkama ba ta jiran kowa. In sanyi ya yi nisa ba ta shiga ƙasa ba, ciyawa za ka girbe. Muka hau babur ɗinsa za mu neman tarakta, mai ya ƙare mana kafin Kura, muka ƙarasa muna turawa, don layin gidan mai ya fi ƙarfin masu sauri.

Da muka isa Ofishin Sauƙaƙa wa Manomi, ga tarakta nan a gindin darbejiya, sabuwa fil, direbanta ya kishingiɗa yana yankan farce. Aka sa muka cire takalma, aka shigar da mu wani ɗaki mai sanyi kamar randa. Sanyin ba don mu ba ne, don kwamfutar da aka sayo ce. Wani matashin jami'i mai fara'a, Malam Abdussalam, ya tarbe mu.

"Baba, sai haƙuri," in ji shi. "Yanzu kwamfuta ke faɗin wanda za a yi wa haro, ga shi kuma had dis ya lalace."

Baballe ya washe baki. "Dis? Ai da sauƙi, ɗana! Akwai Jaji mai walda a Bunkure, duk dis ɗin haron da ya fashe shi ake kai wa."

"Ba na tarakta ba, Baba. Wani faifai ne a cikin na'urar, shi ke riƙe duk abin da aka gaya mata."

Ya zaunar da mu ya yi mana karatu tsakaninsa da Allah. Wai a ciki akwai farantai masu juyawa, sunansu filata. Akwai wani ɗan kai mai karanta su, hed, yana shawagi a samansu ba ya taɓawa. To, sai aka ɗauke wuta ba a yi fakin ɗin kan ba, ya faɗo ya karce farantin.

"Kai ake yi wa fakin?" Baballe ya tambaya. "Kamar mota?"

"Kamar mota. Shi ya sa yanzu muke da bad sekta."

Nan fa wuri ya ɗau zafi. Kun san gonakinmu sekta-sekta aka raba su, kuma Baballe, ko da bai yi boko ba, ya san bad. Ya miƙe tsaye.

"Wace sektar ce bad? Tamu? Mu da tumatirinmu ke zuwa har Ikko? Faɗi wanda ya kawo wannan gulmar!"

Da kyar na riƙe masa riga, yaron na rantsuwa cewa sektar da yake nufi ba ta kai ƙwayar gero ba. Ana cikin haka sai muka ji tarakta ta tashi. Muka leƙa taga, ga ta can ta miƙi hanya.

Na ce, "Malam, ina za ta?"

"Gonar Mai Girma Uban Talakawa."

"Shi kwamfutar ta faɗi sunansa?"

Ya sunkuyar da kai. "Shi sunansa ba a had dis yake ba. A kanmu yake."

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya! Har ma mun ji an kafa kwamitin da zai tafi ƙasar waje ya dubo sabon faifai da idonsa, kada a cuci talaka.

Baballe dai bai kwanta ba. Washegari ya kira gayya. Maƙwabcinmu Ibrahimu ya kawo shanunsa na huɗa, mu kuma muka zo da fartanya, Kulu matar Baballe ta sauke mana dambu da kunu. Kafin Alhamis mun gyara gona tsaf, an watsa iri, an ba ta ruwa.

Ranar Asabar muna zaune a bakin kanal, sai ga tarakta da mota a bayanta. Mai Girma da jami'ai suka fito, tare da mai ɗaukar hoto. Ashe sun zagaya, ba su ga gonar da ta kai ta Baballe kyau ba. Aka ajiye tarakta a kan iyaka, Mai Girma ya dafa tayarta, aka ce wannan shi ne aikin noma da kwamfuta. Baballe ya yi dariya har ya share hawaye, sannan ya gyara hula ya shiga sahu. Ni aka ce in matsa, wai rigata ta yi taɓo.

In kun ga hoton a jarida, ku duba gefen hagu da kyau. Kafaɗar nan da ta leƙo, tawa ce.