Ƙwaƙwalwar Gwaggo Rabi

Ko da na so in manta da ranar da aka kawo lefen Ummi, matan gidanmu ba za su bari ba. Ummi 'yar Gwaggo Rabi ce, ƙanwar babanmu da ke aure a Zaitawa. Ni kuwa a lokacin ina aji uku a jami'a, ina karantar yadda jikin ɗan Adam yake aiki, ilimi ya cika mini kai har yana neman inda zai zuba.

A makon ne aka koya mana leftin. Wani sinadari ne da kitsen jiki yake fitarwa, ya bi jini ya je ya sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya, a rage ci. Can cikin ƙwaƙwalwar akwai 'yan wuraren da ke karɓar saƙon, malaminmu yana ce musu kunnuwa. A jikin masu ƙiba da yawa saƙon yana isa, amma kunnuwan sun yi nauyi, sai mutum ya yi ta jin yunwa alhali ajiyar tana nan jibge. Ina jin haka Gwaggo ta faɗo mini a rai (ba gwajin jini, ba komai, daga kan bencin aji na yanke mata hukunci).

Gwaggo mai jiki ce sosai, kuma ita ta raine ni shekarar da mahaifiyata ta yi doguwar jinya. Tun ina ƙarama nake jin ana tsokanarta a gidan biki. Takan yi dariya, amma na sha ganin ta ture kwano ta ce ta ƙoshi, ko loma uku ba ta yi ba. Abin yana yi mini ciwo, don ina sonta.

Dangin ango suka iso daga Gwammaja bayan la'asar, jagorarsu Hajiya Binta, yayar baban ango, wata siririyar tsohuwa mai tabarau. Da aka gama buɗe akwatuna, Gwaggo ta leƙo a gaisa. Sai wata tsohuwar ƙawarta da ke cikin baƙin ta ce cikin wasa, Allah dai ya sa amarya ba ta ɗauko cin uwarta ba. Aka yi dariya, har da Gwaggo. Ni ina tsaye riƙe da farantin dubulan, jinina ya tafasa, na gyara murya.

"Ai Gwaggo ba haɗama gare ta ba. Matsalar a ƙwaƙwalwarta take."

Ɗakin ya yi tsit. Ni baiwar Allah sai na ɗauka ilimina ne ya ratsa su, don haka na ƙara musu: "Kuma wani lokacin ma gadonta ake yi."

Ko yaron goye a cikin badala, wato tsohon birni, ya san cewa matsalar ƙwaƙwalwa ita ce sunan ladabi da ake kiran hauka, kuma tana cikin abubuwan da ake bincika a zuri'a kafin a haɗa aure. Ni ma na sani sarai. Turanci ne kawai nake tunani da shi, Hausa tana fita da kanta. Hajiya Binta ta ajiye lemonta, ta ce magariba ta gabato.

Bayan kwana biyu saƙo ya zo cewa dangin ango suna so a ɗan ɗaga ranar ɗaurin aure. Ummi ta kulle kanta a ɗaki tana kuka. Baba bai yi mini faɗa ba (da ya yi da ya fi mini sauƙi), cewa kawai ya yi bakin da ya ɓata shi zai je ya gyara.

Haka na je Gwammaja na durƙusa gaban Hajiya Binta, da takarda da biro, ina zana mata kai da tumbi da kibiya a tsakani, gumi yana bin bayana. Ta bar ni na gama tas, sannan ta tambaya ko Gwaggo ta taɓa fita titi ba mayafi, ko an taɓa kai ta wajen mai ruƙiyya. Na rantse ban taɓa ji ba.

"Wato kitse ne yake kira, kai bai amsa ba?"

"Ƙwarai kuwa, Hajiya."

"To ai wannan rabin matan Gwammaja ke nan. Uwar amarya lafiyarta ƙalau. Ke ce dai ya kamata a duba."

Aka ɗaura aure a ranar da aka sa tun farko. Ni dai na yi ta ɓuyar wa Gwaggo har ranar yini, da ta ritsa ni a bayan ɗaki wajen tukwane. Na fara ba ta haƙuri ina hawaye, ta riƙe mini hannu ta ce in yi shiru. Ta ce tun tana budurwa ake kiranta acici, likitoci ma faɗa suke yi mata, ba wanda ya taɓa tsayawa cikin mutane ya ce ba laifinta ba ne sai ni. Idonta ya kawo ruwa, ta goge da bakin mayafi.

"Na gode, 'yata," in ji ta. "Amma don Allah, nan gaba in za ki kare ni, ki bari baƙi su tafi tukuna."