Yadda Za Ka Ƙone Tumbi Kana Zaune

Kai mai tumbi, share hawayenka. Matakan nan biyar, in ka bi su sau da ƙafa, na ba ka tabbacin jikinka zai canza cikin wata guda. Wani manajan kantin daskararren kifi ya bi su kaf a kan idona, don haka da labarinsa zan koyar da kai.

1. Ka ji rabin maganar likita

Manaja ya hau sikeli a asibiti, sikeli ya ce kilo ɗari da goma sha biyu. Likita ta duba takardar gwajin jininsa, ta cire tabarau.

"Ranka ya daɗe, sukarinka yana hawa. Tafiyar rabin awa kullum, a kuma rage loma."

Manaja ya zaro waya. "Likita, na ga wani bidiyo. Wai akwai wani kitse mai ruwan ƙasa da ke cinye ɗan'uwansa?"

"Akwai shi. Farin kitse ajiya yake yi, shi kuwa wannan, idan an ji sanyi, sai ya ƙona abin da aka ci ya ɗumama jiki. Jarirai ne ke da shi da yawa. Babba kamarka ɗan kaɗan ne ya rage masa a wuya da kafaɗa, kuma abin da yake ƙonawa a yini bai wuce..."

A nan Manaja ya miƙe ya yi godiya. Haka ake yi. Duk abin da ya biyo bayan "akwai shi" surutu ne.

2. Ka tabbata kowa ya ji a jikinsa

Washegari ya ƙure na'urar sanyaya ofis, ya jefa rimot a aljihu. Sakatariyarsa, wadda iska mai ƙarfi za ta iya yin gaba da ita, ta koma zuwa aiki da rigar sanyi biyu.

"Oga, wallahi yatsuna sun ƙage."

"Kitsenki ne yake farkawa. Nan gaba za ki gode min."

Kada ka ji tausayi. Ilimin da bai takura wa na ƙasa da kai ba, ai bai zauna ba tukuna.

3. Ka ƙara wuta, wato ka ƙara sanyi

Da mako ya zagayo tumbi bai motsa ba, Manaja ya sa masu dako suka kai masa kujerarsa ɗakin ƙanƙara, tsakanin kwalayen kifi. Daga shi sai singileti. Masu sari suna yi masa magana ta bakin ƙofa, yana amsawa haƙora na kaɗawa. Yakan shafa wuyansa ya ce, "Ina jin sa, ya kama aiki."

Lura: daga gidansa zuwa kanti tafiyar minti goma sha biyar ce a ƙafa. A mota yake zuwa, gilashi a rufe, don kada rana ta lalata masa magani.

4. Ka ciyar da ma'aikacinka

Sanyi yana kawo yunwa, yunwa kuwa shaida ce cewa ana ƙonewa. Manaja ya koma cin burodi guda da ƙwai shida da safe, shayi da sukari cokali huɗu, soyayyar kaza kafin a tashi aiki.

Matarsa ta tsaya a kansa. "Baban yara, ragewa fa aka ce ka yi."

"Ba ni nake ci ba. Shi nake ciyarwa."

"Wannan ciwon ne ya sa aka yanke wa Baba ƙafa. Ka manta?"

Bai manta ba. Shi ya yi shekara biyu yana tura mahaifin nasa a keken marasa lafiya, shi yake wanke masa dungun. Ya dubi farantin, cokali ya tsaya masa a hannu.

Nan ne wurin haɗari, malam. In irin wannan tunani ya zo maka, yi maza ka kunna fanka. Manaja ya kunna, ya ƙarasa abincinsa.

5. Ka karɓi nasara ko ta wace ƙofa ta shigo

Mako na uku sikeli ya ce ɗari da goma sha biyar. Manaja ya ce an taɓa sikelin. Mako na huɗu tari ya kama shi, zazzaɓi ya biyo baya, ƙirji ya riƙe. Kwana tara ya yi a gadon asibiti, ruwan shayi ma da ƙyar yake wucewa. Kilo biyar suka zube.

Duk wanda ya zo dubiya sai ya ɗaga riga ya ce, "Kun gani ko?"

Ranar sallama likita ta zo da ƴar jaka, ta nuna wa matarsa yadda ake allurar sukari, safe da yamma.

"Ranka ya daɗe, kitsen nan ya yi ɗan abin da zai iya. Kai ne ka ɗora masa kayan da sai ƙafafunka za su ɗauka."

Manaja ya gyaɗa kai kamar ya gane. Can ya ce, "To ko dai sanyin ne bai isa ba?"

Matarsa ta ɗauki jakar allurar, ta fita ta jira shi a waje.

Gargaɗi: in ka bi matakan nan aka tsince ka a sandare cikin kwalayen kifi, ko matarka ta daina amsa maka magana, ko ƙafa ta fara tsami, babu ruwana, ban san ka ba, ba ka taɓa ganina ba. Ni ba likita ba ne. Na'urar sanyi nake sayarwa, kuma Manaja ya aiko a kai masa wata babba ɗakinsa na kwana.