Daɓen Manaja Pyo

Duk birnin Seoul, in ana maganar mai ido, a sallama wa Manaja Pyo Deok-su. Wata uku ya yi a Italiya, ya dawo yana koya wa mutane riƙon cokali. Mu ma'aikatan otel Dogon Aro muke ce masa, saboda takalmansa na da tudu a ciki mai ƙara masa tsawon yatsa huɗu. Shekara tara ina kai abinci a wurin, ban taɓa ganin safarsa ba.

Da aka tashi sabunta tsohon zauren biki na bayan otel, mai ginshiƙan katako da ƙofofin takarda, shi aka damƙa wa aikin. Mai otel ya ce a nan mahaifiyarsa za ta yi bikin cika shekara tamanin, in zauren ya burge ta, kujerar mataimakin darakta ta Pyo ce. Washegari gogan naka ya bugo katin suna da sabon muƙamin, ya cika aljihu.

Abin da idonsa ya fara tsana shi ne daɓen, takarda mai kauri da aka shafe da man waken soya har ta yi rawaya. Ya sa aka ɗaye ta, aka shimfiɗa dutse mai sheƙi, aka goge sau bakwai. Baba Gil, kafintan da ya shekara arba'in yana kula da zauren, ya tuna masa cewa da safa ake shiga nan, ya daure ya cire takalmi ya taka ya ji.

"Baba, ni da ido nake aiki," in ji Pyo. "Aiki da ƙafa na leburori ne. A Milan ko bangon banɗaki kana iya aski a gabansa."

Baba Gil ya tattara kayansa. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho. Pyo kuwa kullum yana zagaye zauren ƙwas-ƙwas, yana gyara gashi a cikin daɓen.

Ranar biki tsohuwa ta zauna a bayan dogon teburin da aka tula wa wainar shinkafa da magarya da lemo, hawa-hawa har kusan ƙirji. Jikokinta ne suka riƙo ta, sauran baƙi kuwa bin bango suke yi saboda santsi. Pyo ya tsaya a bakin ƙofa da takalmansa, ya fara jawabi a kan ruhin zamani. Sai mai otel ya yafito shi, ya zo ya yi wa Iya gaisuwar durƙusawa har ƙasa.

Ba a zuwa gaban tsohuwa da takalmi. Ya cire. Nan take ya koma daidai kafaɗata, ni da ake wa dariyar gajarta. Ya yi taku biyu, ya ɗaga hannuwa zuwa goshi, sai safa ta ɗauke shi. Wallahi ban taɓa ganin gaisuwa mai gudu haka ba. Ya ratsa zauren a durƙushe, ya shige ƙarƙashin tebur, waina da magarya suka rufto masa, katunan suka watse.

Tsohuwa ta leƙa, ta cire masa magarya ɗaya daga gashi.

"Sannu, yaro, ba laifinka ba ne. Jeka kira min dogon nan da ke surutu a ƙofa. Ina son ganin wanda ya ɗaye daɓen da aka yi bikin aurena a kai."

"Yanzu kuwa, Kaka," in ji Pyo.

Ya fita da rarrafe. Takalman har yau suna ɗakin ajiyar kayan da baƙi suka manta, dogon bai zo ya karɓa ba.